Yadda Ake Ƙirƙirar Jaruma Yarinya a Labarin Zane, Wadda Yara Mata Za Su Yarda da Ita

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Marvel na Amurka ya fara buga labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar shekara 16, wadda iyayenta suka taso daga Pakistan suka zauna a Jersey City. Daren da baiwarta, wato ikonta na ban mamaki, ta bayyana, sai ta rikiɗa ta koma kamannin jarumar da ta daɗe tana sha'awa: doguwar baturiya mai gashi ruwan zinare, da takalma har cinya. Ba a je ko'ina ba ta gane gashin yana shiga mata ido, takalman kuma suna matse mata ƙafa. Sai da ta dawo siffar da Allah ya yi ta, da fatarta da hancinta, sannan labarin ya kama hanya. Kundin farko na wannan labari ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba fitattun labaran ƙagaggen kimiyya da na al'ajabi, a 2015.

Na kawo wannan ne saboda duk wanda zai zana jaruma yarinya, a nan zai fara tuntuɓe. Ba ta ƙarfin ɗaga mota ko tashi sama abu ne mai sauƙi, kowa zai iya. Aikin da ke cin rai shi ne a bar ta ta zama yarinya ta gaske, mai gida da iyaye da tsoro, kuma ita ce mai yanke shawarar da ke juya labarin. Wannan jagora ta marubuci ce da mai zane, ko su biyu ne ko mutum ɗaya ne ya haɗa duka.

Mataki na farko: ku san yarinyar kafin ku ba ta baiwa

Ku ajiye maganar ƙarfi gefe tukuna. Ku ɗauki takarda ku rubuta yininta guda, tun daga asuba har ta kwanta. Wa ke tashinta? Wane aikin gida ne nata, wanne take gudu? Da wa take zama a aji? Me take so wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba? Idan wannan yini, ba tare da ko ƙwayar abin mamaki ba, bai ja hankalinku ba, to baiwa ba za ta cece shi ba.

Ku tsayar da shekarunta, ku kuma riƙe su da gaske. Lunella Lafayette, wadda aka fi sani da Moon Girl tun 2015, shekararta 9, kuma Marvel ta ayyana ta a matsayin wadda ta fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a duniyar labaransu. Duk da haka tana fushi irin na yara, tana gundura a aji, tana raina waɗanda ba su gane abin da take faɗa ba. Wannan rainin aibu ne, kuma shi ya sa ta zama mutum. Ku ba taku aibu na gaske: gaggawa, taurin kai, ƙaryar kare kai, son a yabe ta. Aibun da za a ce "ta cika tausayi" yabo ne aka yi masa kwaskwarima.

Bari mu ɗauki misali da za mu riƙa komawa gare shi. A ce yarinyar tamu 'yar shekara 14 ce, 'yar fari cikin yara biyar, mahaifinta mai gyaran rediyo da waya ne a bakin kasuwa. Rainon ƙanne ya sa kullum a makare take zuwa makaranta. A gida ana yabonta da shiru, ita kuwa shirun ya ishe ta, domin kowa na magana a gabanta kamar ba ta nan. Aibunta shi ne riƙo: ba ta manta laifin da aka yi mata.

Mataki na biyu: baiwar ta fito daga damuwarta, kuma ta zo da tsada

Rikiɗar Kamala ba a banza aka zaɓe ta ba. Yarinya ce da ke jin ba ta dace da ko'ina ba, a gida ana ganin ta cika Amurkanci, a makaranta ana ganin ta baƙuwa, sai aka ba ta ikon zama kowa. Baiwar ta zama jarrabawar da ta dace da ciwonta. Marubutan sun ƙara wata ƙa'ida mai kyau: idan ta ji rauni, jikinta ba ya warkewa sai ta koma siffarta ta asali, warkewar kuma tana barin ta da yunwa da gajiya.

Haka za ku yi. Yarinyar tamu da ake magana a gabanta kamar ba ta nan, ku ba ta ji: kunnenta ya riƙa ɗauko magana daga unguwa uku. Yanzu ku rubuta dokoki uku, ku manna su a bangon da kuke aiki. Me baiwar take iya yi? Ina iyakarta? Me take ci mata? A ce hayaniyar kasuwa tana sa mata ciwon kai har haɓo, kuma ba ta iya zaɓar abin da za ta ji. Za ta ji masu shirin sace yaro, za ta kuma ji mahaifiyarta tana kuka cikin dare kan bashin da ta ɓoye wa kowa. Daga nan tambayoyin labari suke ɓullowa da kansu: sirrin mutane da ta ji ba da izininsu ba, ina za ta kai shi? Ga ta kuma mai riƙo, ranar da ta ji asirin yarinyar da ke tsokanarta a aji, me za ta yi da shi?

Kada ku karya dokokin nan don ku fita daga ƙunci. Yara suna lura, kuma ba sa yafewa.

Ba dole ba ne baiwar ta sauko daga sama. Riri Williams, da ta fara fitowa a 2016, 'yar shekara 15 daga Chicago, da hannunta ta ƙera sulkenta na ƙarfe a ɗakin kwananta na jami'ar MIT da ke Amurka. Yarinyar da ke zaune kusa da teburin gyaran waya tana da hanyar da za ta bi ta nan.

Mataki na uku: asalin labarin kada ya zama wulaƙanta ta

Nan ne nake so ku daɗe, domin nan ne ko ƙwararru suka sha faɗuwa. A 1994, a wata fitowa ta labarin zane na Green Lantern, jarumin ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa gawarta cikin firji. Ba ta da wani aiki a labarin da ya wuce mutuwarta ta fusata shi. A 1999 Gail Simone, wadda daga baya ta zama fitacciyar marubuciyar irin waɗannan labarai, ta tattara jerin matan da aka kashe, ko aka nakasa, ko aka ƙwace musu baiwa don kawai labarin wani namiji ya motsa. Jerin ya yi tsawon da ya kunyata masana'antar.

Barbara Gordon, wato jaruma Batgirl ta labaran Batman, tana cikinsu. A 1988 aka sa mugu ya harbe ta ta gurgunce, don a azabtar da mahaifinta. Abin da ya biyo baya shi ne darasin: marubuta Kim Yale da John Ostrander suka ɗauko ta a 1989, a kan keken guragunta, suka mai da ita Oracle, gwanar kwamfuta da sauran jarumai ke dogara da bayananta. Raunin yana nan, amma labarin ya koma hannunta.

Ba ina cewa kada wani mugun abu ya sami jarumarku ba. Yara mata suna ganin wahala, kuma labarin da ya ɓoye wannan ya yi musu ƙarya. Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, ta rubuta wa Marvel gajeren labari mai shafi 8 a 2017 game da Ngozi, yarinya 'yar Legas da haɗarin mota ya zaunar a keken guragu, kuma ta ce sace 'yan matan Chibok na cikin abin da ya zaburar da ita. Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: bayan abin ya faru, fuskar wa muke kallo, tunanin wa muke ji? Idan na yayanta ne da ya rantse zai ɗau fansa, kun ƙwace mata labarin. Ku kuma guji mai da fyaɗe ko cin zarafi ya zama ƙofar samun baiwa. Saƙon da yake isarwa shi ne sai an karya yarinya kafin ta yi ƙarfi, kuma daga cikin masu karatunku akwai wadda abin ya shafa kai tsaye.

Akwai wani tarkon, na yarinyar da ake ceto daga al'ummarta. Sooraya Qadir, 'yar Afganistan mai niƙabi da ta shiga labarin X-Men a 2002, an fara ganin ta ne a sansanin masu cinikin bayi, jarumi namiji ya zo ya fitar da ita, kuma da farko kalma ɗaya tak take maimaitawa. Ku kwatanta da Qahera, jaruma mai hijabi da Deena Mohamed ta Masar ta fara sakawa a intanet a 2013: tana hukunta masu cin zarafin mata a titi, tana kuma taka wa baƙin da suka zo "ceton" ta birki. Ta biyun ce ke magana da bakinta.

Mataki na huɗu: suturarta da jikinta

A Oktoban 2016 aka janye wani bangon littafin Riri Williams tun kafin ya fita, bayan masu karatu sun yi ca: an zana yarinya 'yar shekara 15 da jikin babbar mace, da guntuwar riga da wando a ƙasan ƙugu. Mai zane, wannan gargaɗinku ne. 'Yar shekara 14 a zana ta 'yar shekara 14, a tsawo, a kafaɗa, a yadda take tsayuwa. Ku zauna a ƙofar gida lokacin tashi daga Islamiyya ku kalli yadda yara ke tafiya: ɗaya na jan silifa, ɗaya ta rungume jaka a ƙirji, ɗaya hijabinta ya karkace ba ta damu ba. Daga nan ake koyon motsi, tare da izinin iyaye idan za ku zana wata takamaimiya.

Gwaji mai sauƙi ga kowace tsayuwa da kuka zana: ku tashi ku gwada yin ta da jikinku. Idan bayanku ya amsa, ku goge.

Sutura kuwa ta amsa tambayoyi uku. Za ta iya gudu da hawa katanga a cikinta? Daga ina ta samo ta? Yaro ɗan firamare zai iya zana ta daga ka? Kayan Kamala daga rigar ninƙaya mai rufe jiki da mahaifiyarta ta saya mata aka yi su, aka ƙara gyale da alamar walƙiya. Yarinyar tamu za ta iya ɗinka tata daga ragowar atamfa, wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, ɗankwali ɗaure tam, sai abin toshe kunne da ta harhaɗa daga tsofaffin kayan shagon mahaifinta. Launi biyu ko uku sun isa, da alama guda. Ku cike zanenta da baƙi gaba ɗaya ku duba inuwar: in ba a gane ta daga inuwa kaɗai ba, da sauran aiki.

Hijabi ko rashinsa shawara ce ta halin yarinyar da gidansu. Kamala ba ta sa shi kullum, aminiyarta Nakia tana sawa, kuma labarin bai mai da ɗayarsu abin zargi ba. In kun sa mata shi, ku zana shi yadda ake sa shi da gaske, da yadda iska ke ɗaga shi, da yadda take soke shi in za ta yi gudu.

Mataki na biyar: mutanen da ke kewaye da ita

Marubuta da yawa suna kashe iyaye tun shafin farko don yarinya ta sami sarari. Hanya ce ta lalaci, kuma tana zubar da mafi daɗin rikici. Yarinyar da dole ta dawo gida kafin magariba, ga kuma yaron da ake shirin sacewa bayan isha'i, ta fi marainiya mai yawo yadda ta ga dama ba da labari. Iyayen kuma kada su zama katanga kawai. Su kasance da dalilinsu, da tsoronsu da ke kan gaskiya. A labarin Kamala, an tura ta wurin limamin masallacinsu tana jiran faɗa, sai ya ce in har taimakon mutane take yi, ta yi shi da mutunci, ta kuma nemi malami. Daga baya mahaifiyarta ta bayyana cewa ta daɗe da sanin sirrinta.

Ku ba ta ƙawa mace wadda suke hirar abin da ba samari ba. Ku ba ta babbar mace da take koyo a wurinta, kaka ko gwaggo ko malama. In kuna neman tushe a tarihinmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru inda malamai mata da ake kira jajis suke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. A Nijar akwai Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Amina ta Zazzau kowa ya san ta, har ta zama ita ce wurin da kowa ke fara zuwa, don haka ku leƙa gaba da ita. Kada dai ku kwafo tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa yadda take, inda kowace mace ban da jarumar muguwa ce.

Mugun labarin, wato bos, ya taɓa abin da ya dame ta. Ga mai baiwar ji, abokin gabar da ya dace shi ne mutumin da kowa ke girmamawa a unguwa, wanda ita kaɗai ta ji abin da yake faɗa in ya rufe ƙofa. Wa zai yarda da 'yar shekara 14?

Kalma ɗaya kan addini da iskoki. A 2006 aka fara buga labarin zane mai suna The 99 a Kuwait, inda kowane jarumi ke ɗauke da siffa daga sunayen Allah, kuma a 2014 malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta shi. Ku bar imanin jarumarku ya bayyana a halinta da shawararta, ku nisanci jingina baiwarta ga abin da masu karatu ke tsarkakewa. In kuna shakka kan wani shafi, ku nuna wa malamin da kuka amince da shi kafin ku saki.

Mataki na shida: tsara shafuka

Ku fara da gajere, shafi 8 kamar na Ngozi. Fitowa guda a Amurka takan kai shafi 20 zuwa 22, amma wannan nauyi ne ga mai farawa. Marubuci ya rubuta kowane shafi akwati-akwati, wato hoto-hoto: abin da ake gani, sannan abin da ake faɗa. Akwati biyar ko shida a shafi sun wadatar, kowanne da motsi ɗaya. Ba a zana mutum yana buɗe ƙofa yana kuma zama a akwati guda. Kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta abin da mutum ya faɗa a ciki, kada ta wuce kalma 25, kuma da yake jimlar Hausa takan miƙe, ku karanta da ƙarfi ku datse. Abin mamaki a ajiye shi a shafin hagu, wanda sai an juya takarda ake gani.

Mai zane ya fara da ƙananan zane na gaggawa, kowane shafi kamar tafin hannu, kafin ya taɓa babbar takarda. A nan ne za ku duba inda idon mai karatu yake tsaye. In kullum daga sama ake kallon yarinyar, za ta zama ƙarama abar tausayi. Ku sauko daidai idonta, manya su yi mata tsawo kamar yadda suke yi mata a zahiri, sannan a lokacin da ta yanke shawara ku ba ta babban akwati, ku kalle ta daga ƙasa.

Ga yadda shafin zai iya kasancewa. Akwati na farko, tana wanke-wanke a tsakar gida, ƙaninta a goye. Na biyu, hannunta ya tsaya cak cikin kumfar sabulu. Na uku, kunnenta kaɗai, da ƙananan kumfunan magana masu karkatattun layuka suna shigowa ta saman katanga. Na huɗu, mahaifiyarta daga ɗaki tana kiran ta ta kawo tsintsiya. Na biyar, ba magana ko ɗaya: idonta a kan ƙofar zaure, hannunta a kan kullin majanyi. Mai karatu zai juya shafin.

Da kun gama, ku ɗauki jan biro ku yi alama a duk wurin da labarin ya canza hanya, ku rubuta sunan wanda ya jawo canjin. In sunanta bai fi na kowa yawa ba, musamman a shafi biyu na ƙarshe, ku sake rubutu. A taimake ta, ta yi kuskure, ta faɗi, duk daidai ne. Amma dabarar da ta kawo ƙarshen rikicin ta fito daga kanta, kuma zai fi kyau in ta haɗa da wani abu da muka ga ta koya a farkon labari, kamar yadda ake gano wayar da ta tsinke a cikin rediyo.

Mataki na bakwai: haruffa, gwaji da fitarwa

Manhajar zane ta Krita kyauta ce a kwamfuta, ta ibisPaint kuma tana aiki a waya. Takarda da alƙalami da kyamarar waya ma sun isa a fara. Matsalar da za ta ba ku mamaki ita ce haruffa: yawancin salon rubutun da aka yi don labaran zane ba su da ƙ, ɗ, ɓ, balle manyansu, ga shi kuma da manyan baƙaƙe aka saba rubuta maganar cikin kumfa. Ku gwada rubuta Ƙ, Ɗ, Ɓ tun kafin ku zaɓi salo, ku ƙara da ƴ in kuna bin rubutun Nijar. In babu, ku rubuta da hannu. Kada ku zubar da lanƙwasar, don yaran da ke koyon karatu da littafinku za su ɗauka haka ake rubutawa. Sautuka ma namu za ku sa: tim, fau, ƙaf, tatas, ragwaf.

Kafin ku saki, ku buga kwafi kaɗan ku ba yara mata masu shekarun jarumar, da sanin iyayensu ko malamarsu. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce eh. Ku zauna gefe ku ga inda suka yi dariya, inda suka koma baya don ba su gane ba, inda suka tsallake. Sannan ku tambaye su: da ke ce, me za ki yi a wannan shafin? Wa kika fi jin haushi? Ku ce su zana ta daga ka. Ku ba yara maza ma, don su saba ganin yarinya a gaba ba tare da an yi musu wa'azi ba. In marubucin da mai zanen duka maza ne, lallai wata mace ta karanta rubutun tun kafin a fara zane, a kuma biya ta ko a sa sunanta.

Wajen fitarwa, waya ce kasuwarku ta farko. Kamfanin labaran zane na Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 ya tara masu karatu ne ta hanyar saka labaransa kyauta a intanet. In za ku saka a Webtoon, dandalin karanta labaran zane a waya, ku jera akwatunan a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, don yatsa ke jan su sama. In Facebook ne ko WhatsApp, ku rage nauyin hotunan saboda data, ku ƙara girman rubutu, ku sa sunanku da lambar shafi a kan kowane hoto, domin za a tura su ba a jere ba. Ku tsayar da ranar fitowa, ko sau ɗaya ne a wata, kuma kada ku saki kashi na farko sai na biyu da na uku suna ajiye a hannu.